Zanin gado da fitila: littafin aikin ƙwarin Kaduna, 2024

Asabar, 11 ga Mayu

Daren jiya na kafa tarkon farko. Tarkon ma ba wani abin a zo a gani ba ne: tsohon farin zanin gado ne da uwargida ta sallama mini bayan doguwar magiya. Na ɗaure shi tsakanin mangwaron bayan gida da ƙusar katanga, na rataya ƙwan fitila a gabansa, na jona da batirin sola. Na ƙara da 'yar fitilar nan mai shuɗin haske da masu shago ke duba jabun kuɗi da ita, don irin haskenta ƙwarin dare suka fi gani. A Malali muke, ba nisa da kogin Kaduna, kuma jinjirin wata ne, ya faɗi da wuri. Duhun da nake nema ke nan.

Abin da ya jefa ni cikin wannan aiki bai taka kara ya karya ba. Bayoloji nake koyarwa a wata sakandare. Bara wani ɗalibi ya kawo mini ƙwaro a cikin kwalin ashana, kore shar, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ya ce, "Malam, mene ne sunansa?" Na juya shi, na sake juya shi, na ce, "Ƙwaro ne." Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Shekaru ina zana wa yara fara da kyankyaso a allo, ga shi ban san sunan maƙwabcina na bayan taga ba.

Sai na fara da daidaita kalmomi, don Hausa ta yi mana rowa a nan. Malam-buɗe-littafi muna da shi. 'Yan uwansa masu tashi da dare, masu kaurin jiki, waɗanda ke barin gari a yatsa idan an taɓa su, ba mu ware musu suna ba, in ban da asu mai cin tufafi. A littafin nan zan riƙa cewa 'yan rana da 'yan dare. Su buzuzu da hangara da ƙwaron wake, masu taurin fiffiken sama, su ne masu sulke. Masana sun ba wa masu sulke kusan 400,000 suna. 'Yan rana da 'yan dare a haɗe sun kai wajen 160,000, kuma 'yan ranan da muke yi wa waƙa ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas ko tara ba. Sauran duk na dare ne.

Jiya dai shinge ne ya cinye zanin. An yi ruwa da la'asar, kafin ƙarfe tara ba ka ganin fari ko kaɗan. Yaran maƙwabta suka shigo da kwanuka, aikin kimiyya ya koma na suya.

Asabar, 25 ga Mayu

Farin wata. Na zauna har sha biyu, 'yan dare bakwai kacal. Ashe da kalandar Musulunci zan riƙa tsara aikin nan: daga 25 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa.

Na daɗe ina gaya wa ɗalibai cewa son haske ke kawo ƙwari fitila. Wani bincike da Samuel Fabian da abokan aikinsa suka fitar a Janairun bana ya sa na janye. Sun ɗauki tashin ƙwari da kyamara mai sauri, suka ga ƙwaro bayansa yake juya wa haske. Tun fil azal sama ce ta fi ko'ina haske, da ita yake gane ina ne sama, ina ne ƙasa. Idan ya gamu da fitila sai ya ɗauke ta sama, ya karkata, ya yi ta kewaya ta ya kasa fita. Ba ƙauna ba ce, ruɗewa ce.

Wani kafinta a Panteka ya haɗa mini akwatuna huɗu masu murfin gilashi. Na shimfiɗa musu farin soson nan da ke zuwa a kwalin talabijin. Fil ɗin tela da na fara amfani da shi har ya soma tsatsa a jikin ƙwarin. Dole in nemo na ainihi, dogo siriri wanda ba ya tsatsa.

Asabar, 8 ga Yuni

Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka buga ƙofa. 'Yan sintirin unguwa ne su uku, da tocila da gora. Wani ya kai musu labarin ana ganin shuɗin haske a bayan gidana dare da dare, ga farin ƙyalle kamar likkafani, ga mutum a tsugune yana rubutu. Ban ga laifinsu ba. A garin nan, a wannan zamani, ni ma da zan kai rahoton.

Na shigo da su har gaban zanin. Kamar an shirya, sai ga wani ƙaton ɗan dare ya sauka, tsawon fiffikensa ya kusa tafin hannuna, a gadon bayansa da zane sak ƙoƙon kan mutum. Na kama shi a hankali, ya yi ƙara, tsiii, kamar ɓera. Babbansu ya ja da baya yana a'uziyya. Acherontia atropos ke nan, ɓarawon zuma: yana kutsawa cikin amya ya sha ya fito. Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya sa masa wannan suna tun 1758, shekarar da aka ɗauka a matsayin mafarin sunayen dabbobi na kimiyya, inda kowane jinsi ke da suna biyu, na dangi da na kansa. Bayanin bai kwantar wa kowa da hankali ba.

Da safe na je gaida mai unguwa da akwati ɗaya a hannu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Malam, su waɗannan sayarwa ake yi?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, ƙidaya ce. So nake a san waɗanda ke zaune a unguwar nan."

Ya ce, "Mutanen ma ba a gama ƙirga su ba." Amma ya sa albarka, ya ce a gaya wa yaran sintiri su bar ni.

Doka ɗaya na kafa wa kaina daga yau: ba ƙwaron da zai kwana ba takarda. 'Yar ƙaramar takarda a ƙarƙashinsa, a jikin fil ɗin, ɗauke da wuri, kwanan wata, yadda aka kama shi, da lamba. Da fensir, don biro yana narkewa a sifirit. Ƙwaro mai kyau ba takarda ado ne kawai. Mai karyayyen fiffike da takarda shaida ne. Na zubar da goma sha ɗaya na makon farko saboda na kasa rantsewa a kan daren da na kama kowanne.

Laraba, 19 ga Yuni

Hutun babbar Sallah ya ba ni buzuzu. Inda aka zubar da tumbin raguna a bayan layi, kafin magariba ƙasar wurin har motsi take. Jiya kuma na bi wani dattijon Bafulatani da ke kiwo a gefen kogi, na roƙi izinin tona kashin shanunsa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baffa. Masu aikin cikinsa nake nema."

Da ya ga da gaske nake, sai ya zama shi ne malamin. Ya nuna mini cewa ba duka ke mirgina dunƙule ba: wasu a ƙarƙashin kashin suke haƙa rami su ja shi ciki, wasu a cikinsa suke zama. Haka littattafai suka kasa su, kashi uku, shi kuwa bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ya kuma ce kashin saniyar da aka yi wa allurar tsutsa yakan daɗe a fili ba a taɓa shi ba. Wannan ma sananne ne: maganin ivermectin yana fita ta kashi, yana kashe 'ya'yan buzuzu.

Ni kuma na biya shi da labarin da na sani. A 2013 Marie Dacke da abokan aikinta suka nuna, a Afirka ta Kudu, cewa wani buzuzu mai mirgine da dare yana daidaita hanyarsa da farin zanen taurarin nan da ya ratsa tsakiyar sama. Suka sa wa wasu 'yar hula ta kare musu sama, sai suka yi ta dawurwura. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, ba don taurarin ba, don hular.

Yawancin abin da na samu iri ɗaya ne: tsawon santimita guda, fiffike ruwan ƙasa-ƙasa, ƙirji mai duhu da ɗan ƙyallin kore, namijin da ƙaho biyu a ka kamar na bijimi. Ya yi daidai da Digitonthophagus gazella, wanda aka kwasa daga Afirka aka kai Ostireliya a ƙarshen shekarun 1960, saboda buzuzun can sun saba da kashin dabbobinsu, sun kasa da na shanun da Turawa suka shigo da su. Amma guda biyu sun bambanta. Maza ne, ƙanana, ƙahonsu ɗan tsiro kawai. Na duba duk hotunan da na samu, ban ga irinsu ba. Na ba su lamba 64 da 65, na sa alamar tambaya da jan biro a littafi. Ba zan ɓoye ba, daren jiya na yi ta juyi ina gwada yadda sunan Kaduna zai zauna a Latin, harshen sunayen kimiyya, idan sabon jinsi ne na gano.

Asabar, 6 ga Yuli

Tun da labari ya bazu, manoman bakin kogi suka mai da ni asibiti. Kowa da kwalbarsa. Kuma kusan duk abu ɗaya ne: tsutsar masara, Spodoptera frugiperda. Ba ta da wuyar ganewa, akwai zane mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki kusa da wutsiya. 'Yar nahiyar Amurka ce, a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, kuma Najeriya na cikin wuraren farko. A shekarar ce kuma Sharon ta cinye tumatirin jihar nan har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Sharon ɗin, ɗan dare ne da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka. Sai a 2006 ya tsallaka Sifaniya, ya bi ta Arewacin Afirka ya iso mu. Manomi ya ga sabon abu a gonarsa, gaskiyarsa ne. Amma an rubuta tsutsar masara tun 1797, Sharon tun 1917. Sabo a gona daban, sabo a duniya daban, kuma wannan bambancin ne zai riƙa ba ni wahala.

A hanyar dawowa na ga wani kalgo da ganyensa a naɗe, fuska biyun an ɗinke su da zare kamar an rufe littafi. Na buɗe ɗaya: 'yar tsutsa koriya mai baƙin kai, ta yi baya da sauri ta sulale a kan zare. Na ɗebo tara da ganyensu, kowace a kwalbarta, na rufe da yankin gidan sauro. Abin da fitila ba ta iya gaya maka ke nan. Ta kawo maka ƙwaro, amma ba ta ce ga abin da ya ci ya girma ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Dokar hana fita ta awa 24 da aka sa ranar Litinin, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, ta faɗo daidai duhun wata. Ban kunna fitila ba. Ba lokacin shuɗin haske ba ne. Na zauna da kwalabe.

Cikin tara, biyu sun mutu, biyu kuma wasu 'yan ƙananan zanzaro ne suka fito daga jikinsu maimakon ɗan dare (na adana su, su ma shaida ne). Biyar sun fito lafiya a ƙarshen Yuli. Ƙanana ne, faɗin fiffike bai kai santimita biyu ba, launin bambaro, da layi biyu masu duhu a karkace da wani ɗigo fari mai kama da waƙafi. Na koyi rabe mace da namiji: akwai 'yar ƙaya a gindin fiffiken baya da ke saƙale shi da na gaba, namiji guda ɗaya gare shi, mace biyu ko uku. Mata huɗu, namiji ɗaya. Lambar su 117.

Namijin na shanya a kan katakon shimfiɗa fiffike, na ɗora a saman kabad. Na manta ban sa ƙafafun katakon a cikin ruwa ba. Da asuba na tarar da fil a tsaye, fiffike huɗu a zube, da layin kiyashi yana gangarawa bango. Sun cinye cikin tas, kuma cikin namijin nan shi ne duk abin da ake buƙata.

Uwargida ta same ni zaune a ƙasa. Ta ce, "Malam, wani ne ya rasu?" Da na nuna mata, ta yi shiru, ta fita. Can sai ga ta da kafur ƙulli guda da gwangwanayen madara huɗu cike da ruwa da ɗigon kananzir. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Talata, 10 ga Satumba

Samaru. Na ɗauki akwati biyu a cinya tun daga Kawo har Zariya, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali. A wuyana ga tabon hangara, wadda ta faɗo mini a zani makon jiya na murje ta ba tunani. Ruwan jikinta ya tayar mini da bororo kamar ƙunar wuta. Gero na fure, lokacinsu ne.

Ɗakin adana ƙwari na sashen kare amfanin gona, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne wurin da duk mai irin wannan aiki a Arewa yake dangana da shi. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru. Ƙamshin kafur ne ya fara tarbata. Wani dattijon ma'aikaci ya karɓe ni, ya fara da duba takardun ƙarƙashin ƙwarin kafin ƙwarin kansu, ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ya biya ni kuɗin mota.

Na miƙa masa 64 da 65 ina ƙoƙarin ɓoye zumuɗi. Bai ko ɗauki madubi ba. Ya jawo wata aljihun kabad, ga buzuzuna a jere sahu-sahu, daga mai dogon ƙaho, zuwa matsakaici, zuwa mai ɗan tsiro irin nawa.

"Malam, yunwa ce," in ji shi. "Wanda uwarsa ta tara masa kashi da yawa ya fito da ƙaho. Wanda aka yi wa ƙwauro ya fito haka. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Wata uku ina kiwon suna a zuci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Sai dai maganar ba ta mutu a nan ba. A 2017 François Génier da Philippe Moretto suka sake bin dangin Digitonthophagus kaf, suka gano abin da aka daɗe ana kira gazella a faɗin Afirka jinsuna ne da dama masu kama da juna, ba a rabe su sai an duba al'aurar namiji. Wato na zo da abin da na ɗauka sabo saboda ƙaho, ƙahon bai nufin komai. Ainihin bambancin kuma yana ɓoye a inda ban taɓa dubawa ba. Ido na ruɗi ta fuska biyu: ya raba 'yan uwa, ya haɗa bare.

Sai 117. A nan ya ɗauki madubi. Ya ce gidan Crambidae ne, gidan su Maruca mai huda furen wake, wadda saboda ita cibiyar ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a 2019. Muka bi aljihunan gidan ɗaya bayan ɗaya, fiye da awa biyu. Akwai masu kama, babu mai waƙafin. Zuciyata ta fara bugawa, shi kuwa ya rufe aljihun ƙarshe ya ce, "Kada ka yi saurin murna. Babu shi a nan, shi ke nan abin da muka sani." Gidan yana da jinsi fiye da 10,000. Da yawa daga na Afirka George Hampson ne ya rubuta su a Landan, ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, wasu da 'yan layuka kaɗan ba ko hoto, kuma ƙwarin da ya dogara da su suna can a gidan tarihin halittu na birnin. Mai yiwuwa 117 na kwance a wata aljihu a can shekara ɗari da suna a ƙarƙashinsa.

Ya nuna mini yadda ake yi: a ɓalle cikin, a jiƙa a ruwan sinadarin KOH kashi 10 cikin 100 har naman ya narke, a wanke, a buɗe sassan masu tauri a kan gilashi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Muka yi da mace ɗaya. Ya ce ta taimaka, amma yawancin bayanan da aka rubuta a kan maza suke. "Ina namijin?" Na ba shi labarin kiyashi. Ya ce ba ni ne farau ba.

Kafin in kamo hanya na shiga cikin birni wurin wani tsoho mai ɗinkin babbar riga, abokin mahaifina. Na tambaye shi zaren tsamiya. Ya tashi da ƙyar ya ciro wata tsohuwar riga daga adaka, aikin wuyanta launin ƙasa-ƙasa mai laushi, ba ƙyalli irin na zaren kanti.

"Ɗana, wannan tsutsa ce ta yi shi. Gida ɗaya suke saƙawa su da yawa, kamar jaka, a jikin itace. A dafa da toka, a wanke, mata su kaɗa. Akwai ta tsamiya, akwai ta doka."

"Baba, yanzu ana samu?"

"Wa zai shiga dajin?"

Ta dokar ita ce masana ke kira Epanaphe moloneyi, da sunan Alfred Moloney, gwamnan Legas na zamanin Turawa. Kakanninmu sun san tsutsar, sun san itacenta, sun san lokacinta, sun sa ta a wuyan sarakuna, amma a rajistar duniya sunan wani baƙo take amsawa. Ban ce an yi ƙarya ba. Shi ya aika, aka rubuta, mu ba mu rubuta ba. Tambayar tsohon kuma ita ce tawa. Dajin doka na Birnin Gwari, inda gandun Kamuku yake, da na Afaka nan kusa, nan ne ya kamata zanina ya kwana. Ban isa ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na sa hoton 117 a iNaturalist, shafin intanet inda ake taya juna gane halittu, na bi hotunan AfroMoths, shafin 'yan daren Afirka, har idona ya yi ja. Mutum biyu sun tsaya a gidan da aka riga aka gaya mini, ba wanda ya wuce nan.

Na karanta ƙa'idojin raɗa suna, don in san tsawon hanyar. Ba a sanarwa a Facebook. Sai an rubuta cikakken bayanin da ya rabe shi da danginsa, an buga a mujallar da za ta dawwama. Tun 2012 an yarda da bugun intanet, da sharaɗin a yi rajista a ZooBank, rajistar sunayen dabbobi ta intanet. Sai an ware ƙwaro guda a ce shi ne ma'auni, a sa masa jar takarda, a ajiye shi a inda kowane mai bincike zai iya zuwa ya gani. Idan daga baya aka gano wani ya riga ka, ko da shekara ɗari ne, nasa ne suna, naka ya zama laƙabi. Sunan kuma da haruffan Latin zalla: ƙ da ɗ da ɓ ba su da shiga. Kalgo dai ya tsira, ba shi da lanƙwasa.

Akwai gajeriyar hanya, ko da yake ba ta kai ka gida. Tun 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo dabarar karanta wani ɗan yanki na ƙwayar halitta, harufa wajen 650, a kwatanta da BOLD, rumbun intanet da ke tara irin waɗannan bayanai. Ƙafa ɗaya ta isa. Amma rumbun abin da aka zuba masa kawai ya sani, kuma ƙananan 'yan daren yankinmu ba su cika cikinsa ba. Idan bai sami 117 ba, maganar dattijon Samaru ce za ta dawo. Ga kuɗi, ga izinin hukuma kafin a fitar da samfurin halitta waje. Na cire ƙafa ɗaya daga kowace mace na sa a sifirit mai ƙarfi, na ajiye a firiza.

Talata, 29 ga Oktoba

Sama da mako guda ke nan Arewa ba wuta. Firiza ta zama kabad. Ƙwarin da na tara a ciki ban kai ga shanyawa ba, na watan jiya gaba ɗaya, sun yi funfuna. Na zubar da fiye da rabi. Ƙafafun 117 suna cikin sifirit, ina fata sun jure.

Amma ban taɓa ganin zani irin na daren nan uku ba. Unguwa baƙi ƙirin, ba fitilar titi, ba ta shago, janareta ma tsadar mai ta kashe bakinsu, ga wata ya tsufa. Fitilata ce kaɗai a duk layin. Damina ta ƙare, amma abin da ya sauka ya ninka na Agusta. Ashe duk watannin nan da fitilun gari nake rabon ƙwari. Na bi 'yan ƙananan launin bambaro ɗaya-ɗaya da tocila har asuba. Masu kama sun fi ashirin. Mai waƙafi babu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo, leɓe ya fara tsagewa. 'Yata ta biyu, wadda ta zama mataimakiyata tun hutun Agusta, ta shigo a guje da ragar kamu.

"Baba, wallahi wannan sabo ne! Babu shi a akwati ko ɗaya!"

Ɗan rana ne, baƙi-baƙi da shuɗi, da jerin jajayen ɗigo. Ta same shi a lungun katanga inda inuwa take. Kuma gaskiyarta, ba mai kama da shi a akwatunan. Na buɗe littafin Torben Larsen na 2005 kan 'yan ranan Afirka ta Yamma, na nuna mata shi, sannan na ciro wani ja-ja ruwan lemo mai baƙin gefe da ita da kanta ta kama a Yuli. Precis octavia, dukansu biyu. Na damina ja, na rani shuɗi. Yanayin da tsutsar ta tashi a ciki ne ke zaɓa mata riga. Masana ma sun yi shekaru suna kiran su da suna biyu, sai a ƙarshen ƙarni na 19 Guy Marshall ya kiwata ƙwan ɗaya a kudancin Afirka ya ga ɗayan ya fito.

Ta ɓata rai. Na ba ta labarin 64 da 65, wanda da ma ban taɓa gaya wa kowa a gidan ba. Ta ce, "Kai ma, Baba?" Ta rubuta takardar da hannunta, lamba 342.

Asabar, 14 ga Disamba

Na naɗe zanin. Hazo ya yi yawa, dare biyu a jere ba abin da ya zo sai 'yan tsiraru. Akwatuna sun zama tara, lamba ta tsaya a 351. Waɗanda na iya kai wa ga sunan jinsi da tabbaci ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma yawancinsu 'yan rana ne da manyan 'yan dare da maɓarnatan gona, wato waɗanda duniya ta riga ta damu da su. Sauran suna jere da sunan gida kawai, wasu ko shi babu. Buzuzun Yuni na mayar musu da alamar tambaya, dukansu, ba 64 da 65 kaɗai ba, har sai na iya buɗe namiji da hannuna ba tare da na yaga shi ba. Ina koyo a kan tsutsar masara, ita ba ta ƙarewa.

Jiya na koma wurin kalgon. An sare rabinsa an yi itace, an kuma cinna wa ciyawar gefen wuta. A reshen da ya tsira na sami naɗaɗɗen ganye shida. Huɗu fanko. Biyu da tsutsa a ciki da ta riga ta shige kwanso tana jiran fitowa da fiffike, ruwan ƙasa, na taɓa ɗaya da tsinke ya motsa wutsiya. Ko su fito cikin mako biyu, ko su kwanta sai ruwan farko, ko kuma su zama wani abu dabam da ya ari gidan.

Suna kan kabad a kwalba biyu, kowace a tsakiyar faranti mai ruwa da kananzir. Na roƙi mai gonar ya bar mini sauran kalgon zuwa Yuli. Ya ce sai dai in biya kuɗin itacen, na biya.